Ƙofa ta Uku

Duk layin masu gyara sun san Auta da abu biyu: hannunta ba ya rawa, bakinta kuma bai iya cewa "ba zai yiwu ba". Shagonta ɗan tsukut ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. Teburi ɗaya ne a ciki, da fitila mai dogon wuya, da ƙarfen dalma a mazauninsa, sai kwalaye cike da gawarwakin rediyo da na'urorin da masu su suka haƙura da su. In aka kawo mata abin da ya gagari maza uku, sai ta juya shi sau ɗaya, ta shinshina, ta ce a dawo da yamma. In an dawo kuwa sai a tarar yana aiki. Shi ya sa har yau ba a sami wanda ya rage mata jin kai ba, ko da yake masu neman hakan ba kaɗan ba ne.

Amma tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ranakun da shagon ke rufe sun fi waɗanda yake buɗe. Su biyu ne a gida tun rasuwar Mama, a hawa na uku na wani tsohon bene mai matsattsiyar matakala. Ciwon ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya kuma ɗaure harshe. Likita ya ce hankalinsa garau yake, duk abin da aka faɗa yana ji yana ganewa, fitar da maganar ce ta gagara. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga takardun ofis, tun zamanin tafireta har aka kawo kwamfuta, mutumin da ke gyara wa mai karanta labarai magana daga kan kujerarsa, yanzu abin da ya rage masa shi ne "uhm" da ɗaga gira.

Auta ta zama tafintarsa. In ya kalli taga, ta ce iska yake so, ta buɗe. In ya ture kofin shayi, ta ce ya yi zafi, ta fifita. Ba ta taɓa shakkar fassararta ba, don ita dama ba ta saba da shakka ba.

Yayanta kuwa, wanda ke zaune a wani gari da matarsa da 'ya'yansa, yana da shakka mai yawa, kuma wata safiya ya zube mata ita a waya.

"Ƙarshen mako zan zo da mota," ya ce. "Mun gyara masa ɗaki. Ki haɗa masa kayansa."

"Wa ya ce maka yana son tafiya?"

"Wa ya ce miki ba ya so?"

"Ni nake tare da shi, Yaya. Ko tari ya yi na san abin da yake nufi."

"Ai nan gizo ke saƙar, Auta. Ya ce uhm, ki ce ya ce kaza. Ya sake cewa uhm, ki ce ya ce wani kazan. Kullum kuma abin da ya ce, shi ne daidai abin da ke kike so. Ba ki taɓa lura ba?"

Maganar ta soke ta, ranta ya ɓaci sosai. Ita ce mai wanki, ita ce mai juya shi a gado, ita ce ta bar shagonta yana tara ƙura, sannan wanda ke leƙowa ta waya shi ne zai ce tana sa wa uba magana a baki?

"To in shi ya faɗa da kansa fa?" ta ce.

"Da wane bakin?"

"Bar mini wannan. In ya faɗa kana zaune kana ji, ba ta bakina ba, ba ta hannuna ba, za ka bi?"

"Zan bi mana. Ke fa?"

"Duk abin da ya ce, shi za a yi. Na yi alkawari."

Ta faɗi haka ne da ƙarfin zuciyar ɗalibar da ta riga ta ga takardar jarrabawa. Baba ya bar ɗakin da Mama ta zauna, da labulen da ta ɗinka da hannunta, ya koma cikin hayaniyar jikoki? Ai ko a mafarki. Abin da ya rage kawai shi ne ta samo masa baki.

Ba da ka ta yi cikar bakin ba. Ta daɗe tana ganin yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan hannun kujera. Da fari ta ɗauka rawar ciwo ce. Sai wata rana ta tsaya ta duba da kyau: yatsa ya je ya dawo, wani ya je ya dawo, sannan babban yatsa ya bugi bakin katakon, a sake sabon zagaye. Wannan ba rawa ba ce. Baba rubutu yake bugawa a kan itace, ba mai karantawa.

Ta ba shi biro, hannun hagu ya yi ta zana tsutsotsi har ya jefar. Ta ba shi waya, yatsa ɗaya ya riƙa danna haruffa uku. Ta aro kwamfutar cinya, ya taɓa shafaffun maɓallanta, ya harari tagogin da ke ta buɗe kansu, ya rufe ta da ƙarfi. Abin da yatsunsa ke nema yana can saman kabad: tsohon kibod ɗinsa mai manyan haƙora, wanda in ana bugawa har maƙwabta sukan san ana aiki.

Sai ta tsara abin a ranta. Akwati ƙarami, a kunna shi ya tashi nan take. Baba ya buga, haruffa su fito a ɗan gilashi, ya danna babban maɓalli, akwatin ya faɗi maganar da murya kowa ya ji. A durowarta akwai ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai fi kwalin ashana ba, irin wanda ake koya wa aiki ɗaya ya yi ta yi ba gajiya. Koya masa aikin bai ba ta wuya ba. Matsalar ɗaya ce, kuma da ido ake ganinta: allon ƙofar USB ɗaya gare shi. Kibod yana son ƙofa, sifika ma tana son ƙofa. In Baba ya sami abin rubutu ba shi da murya, in ya sami murya ba shi da abin rubutu.

Ta bar maƙwabciya da Baba, ta sauka ta buɗe shago. Mai Agogo, dattijon da ke kusa da ita, ya leƙo da gilashinsa a maƙale a ido ɗaya.

"A'a, Injiniya, ashe kina duniya? Na ɗauka gizo-gizo kika ba hayar shagon."

"Ina nan, Kawu. Ƙofofi zan ƙara wa wannan ɗan allon."

Ya sunkuya ya duba. "Ba ana sayar da mai rassa, mai raba ƙofa ɗaya gida-gida, a kasuwa ba? Ki jona ki huta."

"Ya riƙa lilo a waje? Hannun Baba ya taɓa shi sau ɗaya ya zare, magana ta yanke? A'a. Komai a ciki nake so, a ɗaure, ko akwatin ya faɗi ƙasa ya tashi yana magana."

Ta tono wata matacciyar na'ura daga kwali, ta ɓalle bayanta. A ciki akwai ɗan baƙin cif, ƙwayar wake ta fi shi girma, wanda aikinsa shi ne ya karɓi ƙofa ɗaya ya raba ta huɗu, ya riƙa tsara wa kowa lokacin magana kada su yi karo. Ta hura masa iska mai zafi, ta ɗauke shi da hantsaki, shi da 'yan ƙananan abubuwan da ke raka shi, ta dasa su a sabon fili. Daga nan sai wayoyi. Kowace ƙofa huɗu gare ta: ja mai kawo wuta, baƙa mai mayar da ita, sai fara da koriya masu ɗaukar saƙo.

"Waɗannan biyun tagwaye ne," ta ce, tana murɗe fara da koriya wuri ɗaya. "Tsawonsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo, saƙo ya isa a hargitse."

"Kamar ke da yayanki ke nan," in ji Mai Agogo.

"Mu ai kowa da hanyarsa, Kawu."

Hayaƙin dalma ya riƙa tashi siriri. Hannunta bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ta fasa wa akwatin ramuka a baya, ta goge bakinsu da zarto, ta zaunar da ƙofofin. Mai Agogo ya ƙirga da yatsa.

"Abu biyu kika ce za ki jona. Na ga ƙofa uku."

"Ta ukun ta gobe ce. Ban taɓa haɗa abu ban bar wa gobe wuri ba."

Saura maganar wuta. Hanya biyu ce a gabanta: ko ƙofofin su ci daga wutar allon, ko ta jawo musu tasu daban, da caja ta biyu da rami na biyu. Ta ɗauko mita ta auna. Kibod ba shi da ci. Sifika ta ɗan fi shi, musamman lokacin da take magana, amma in an haɗa su allon zai iya ciyar da su har da ɗan saura. To me zai sa ta ɓata akwati mai kyau da wayoyi biyu? Ta ɗaure jar wayar a jikin allon, ta rufe. Awonta daidai ne, lissafinta daidai ne. Abin da ba ta sa cikin lissafin ba shi ne danginta.

Da yamma ta ɗora wa Baba kibod ɗin a kan katako bisa cinyarsa, ta ajiye akwatin a ɗan teburin gefensa. Ya daɗe yana shafa maɓallan kafin ya danna ko ɗaya. Sannan ƙarar nan da gidan ya manta ta dawo, ƙwas, ƙwas, a hankali, hannu ɗaya yana aikin biyu. Ya danna babban maɓalli. Wata muryar namiji, wadda ba ta san hawa da saukar magana ba, ta fito daga sifikar.

"Shayin nan sukari ya yi yawa. Tun asibiti."

Auta ta zauna a ƙasa, ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya kuma hawayen suka ci gaba su kaɗai. Murna ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a kan wani aiki ba. Wani mai hankali da ya tsaya ya tuna sau nawa ya fifita shayin da ba zafi ne laifinsa ba. Ita ba ta tsaya ba, don murna ba ta bar mata wuri ba.

"Baba," ta ce, "Yaya yana so ya tafi da kai. Gobe ka faɗa masa da kanka."

Yatsun suka motsa. "Sai ya zo."

Ta gyaɗa kai tana murmushi. Tsoho yana tanadin harsashinsa ke nan.

Yaya ya iso da hantsi, rigarsa ta manne da bayansa saboda doguwar tuƙi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya riƙe hannunsa, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya zauna a kujerar da ke kusa da ɗan teburin, ya kalli akwatin ta gefen ido.

"Wannan ne bakin?"

"Shi ne. Ka sha ruwa tukuna, kada ka ce da ƙishirwa aka kayar da kai."

Ta shiga kicin ta haɗo shayi, na Baba ba sukari. Da ta dawo ta tsaya can bakin ƙofa, ta naɗe hannuwa a ƙirji, don kada a ce ta taɓa wani abu.

"Bismilla, Baba. Muna jinka."

Baba ya fara bugawa. Wannan karon magana ce doguwa. Yakan nemi harafi, ya same shi, ya huta, ya nemi na gaba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Layi ya cika a ɗan gilashin, na biyu ya biyo. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙwas, ƙwas. Da ya gama ya ja numfashi, ya danna babban maɓalli.

Sifikar ta ce "Za—", gilashin ya yi fari, ya mutu, ya sake tashi ba komai a kansa. Duk abin da Baba ya tara ya tafi.

"Ba komai," in ji Auta da sauri. "Sake, Baba. Wataƙila waya ce ta motsa."

Ya kalle ta, ya sake farawa. Yanzu yatsun sun yi nauyi, yana kuskure yana gogewa. Ya rage maganar, ya danna. Sifikar ta yi tari, gilashin ya sake mutuwa. Hannun Baba ya zame daga kan kibod ya faɗi gefen kujera, ya rufe ido.

"Auta," Yaya ya ce, kuma a hankali ya faɗa, ba da gatse ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. "Ya isa haka. Kin yi ƙoƙari. Amma dubi yadda kike wahalar da shi."

A karo na farko tun da ta fara riƙe ƙarfen dalma, gabanta ya faɗi a kan aikin hannunta. Ba kunyar Yaya ce ta dame ta ba. Tsoro ta ji, kada Baba ya ƙi sake ɗaga hannun nan, ya koma cikin shirunsa, a yanke masa hukunci yana kallo. Ta tako ta durƙusa gaban teburin. Jiya abin nan ya yi aiki, yau da safe ya yi aiki. Na'ura ba ta da aljanu. In ta canja hali, to wani abu aka canja mata.

Ta juya akwatin. A ƙofa ta uku, wadda ta bar wa gobe, ga wata farar igiya a soke. Ta bi ta da ido, ta ratsa ƙarƙashin jarida, ta ƙare a gindin wayar Yaya, wadda ke kwance tana shan wuta hankalinta kwance.

"Yaya. Mene ne wannan?"

"Caji na sa. Na manto kan cajata a gida, waya ta kusa mutuwa. Na ga rami ba kowa."

"Duk ramin da ka gani na caji ne?"

"To me ake yi da shi?"

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta rufe. Gaskiyarsa ce. A gidansu, da gidan kowa, ba a taɓa ganin irin wannan rami an bar shi ya huta ba. Bayan talabijin, gefen rediyo, cikin mota, duk inda yake sai an soka masa waya. Ita da kanta ta gyara ƙofofin da aka ƙona ta haka ba adadi. Wayar Yaya mai ci ce, ta janye wutar allon har ya rage masa ɗan abin da zai tsaya da ƙafarsa. Da sifika ta buɗe baki ta nemi nata rabon, sai duka su faɗi tare.

Ta zare igiyar, ta ɗauko salatif daga jakarta. "Shi ke nan. In toshe ƙofar, kowa ya huta."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba ya buɗe ido, hannun ya koma bakin aiki.

"Kar ki toshe," in ji akwatin. "Gyara."

Yaya ya zabura har ya kusa zubar da shayi. Ya kalli akwatin, ya kalli mahaifinsa, bakinsa a buɗe. Auta kuwa sai ta ji ƙarfinta ya dawo gaba ɗaya. Wannan Baba ne sak, mutumin da bai taɓa yarda a shafa wa kuskure farin fenti ba, sai a sake buga shafin daga farko.

"An gama, ranka ya daɗe," ta ce. "Ka huta, ka sha shayinka."

Ta shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, ta jona ƙarfen dalmar da ba ta rabuwa da shi. Ta kwance akwatin, ta datse jar wayar da ta ɗaura a jikin allon. Ta sadaukar da cajarta, ta feɗe bakin igiyar, ta kai wutar kai tsaye ga ƙofofin, ta haɗa baƙaƙen wayoyin wuri ɗaya don ɓangarorin biyu su san juna. Ta ƙara ɗan kondensa da zai riƙe wuta ya tare gaba in an yi jan bazata. Yaya ya tsaya a kanta yana riƙe mata tocila ba tare da an roƙe shi ba, yana haska inda ba a buƙata.

"Yanzu allo yana cin nasa, ƙofofi suna cin nasu," ta ce tana ɗaure kusoshi. Ta mayar da akwatin wurinsa, ta miƙa wa Yaya farar igiyarsa. "Mayar da wayarka."

"A'a, ni na tuba."

"Mayar, na ce. In bai iya ɗaukarka ba, ban gyara ba."

Ya soka. Wayar ta yi ƙara ta fara ci. Gilashin akwatin ko ƙiftawa bai yi ba. Auta ta koma bakin ƙofa ta naɗe hannuwanta, ta ɗaga wa yayanta gira.

Baba ya koyi darasi, bai sake tara magana da yawa ba. Ya buga kaɗan, ya danna.

"Zan bi yayanki."

Auta ta yi tsaye kamar an dasa ta. Abin da ya fara zuwa mata shi ne ta duba akwatin, ko wani abu ya sake lalacewa.

"Baba, duba abin da ka rubuta. Wataƙila yatsa ne ya zame."

Ya dube ta ido cikin ido, ya sake danna maɓallin. Muryar ta maimaita, ba ƙari ba ragi. Sannan ya ci gaba, guntu-guntu, yana hutawa tsakani.

"Rabona da taka ƙasa tun daga asibiti."

"Ina kallon taga kina cewa iska. Titi nake so."

"Can ba matakala. Akwai yara."

Ƙwas, ƙwas. Wannan ta ɗauki lokaci.

"Shagonki yana mutuwa ina gani. Ban haife ki don ki zama mai gadina ba."

Zuciyarta ta yi zafi, zafi na gaske. Ita ta tono cif, ita ta murɗe tagwayen wayoyi, ita ta ba shi baki, kuma abin da bakin ya fara yi shi ne sallamarta. Ta ji haushi, ta ji kunya, ta kuma ji tausayin tsohon da ya yi ta kallon titi daga hawa na uku ana buɗe masa taga. Ta juya ta ga ko Yaya yana murmushin nasara. Kansa a sunkuye yake, yana share ido da bayan hannu.

Magana zarar bunu ce, kuma ita ta zare ta da kanta. Ta zo ta durƙusa gaban kujerar.

"Na ce duk abin da ka ce shi za a yi, Baba. Shi za a yi."

Hannun hagu ya bar kibod, ya sauka a kanta, ya ɗan jima a nan. Sannan ya koma.

"Ƙofa ta uku. Sa mata abin da zai kai maganata wayarki."

Ta ɗago ta kalle shi. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Ashe shi ya sa ya hana a toshe. Tun jiya da ta nuna masa akwatin ya ƙirga ƙofofin, ya riga ya yi wa ta ukun aiki.

"Za ki iya?" Yaya ya tambaya.

Ta share fuska, ta harare shi. "Ni kake tambaya?"

Dole Yaya ya kwana. Washegari ta sauka shago da akwatin, ta samo ɗan modem mai cin layin waya, ta zaunar da shi a ƙofa ta uku, ta koya wa allon cewa in Baba ya danna wani maɓalli na gefe, maganar ta tafi wayarta a rubuce. Da yake cif ɗin huɗu yake bayarwa, sai ta fasa rami na huɗu ta fito da ƙofar da ta rage.

"Wannan kuma ta jibi ce?" in ji Mai Agogo.

"A'a, Kawu, ta Yaya ce. Na san halin gidanmu."

Yaya da wani maƙwabci suka sauko da Baba a kan kujerarsa, suna nishi a kowace kwana ta matakala, Auta a gaba tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da suka fito ƙofar bene, Baba ya ɗaga hannu a tsaya. Ya kalli mai sayar da lemo, ya kalli motoci, ya kalli wani kare da ke barci a inuwar kanti. Ya miƙa ƙafarsa ta hagu ya taɓa ƙasa. Ba wanda ya ce masa a yi sauri.

Gidan ya yi mata faɗi bayan tafiyarsu. Takan haɗa shayi kofi biyu ta tuna, ta mayar da ɗaya. Amma shago ya buɗe, kuma kafin mako ya zagayo teburinta ya cika da na'urori marasa lafiya. Tana cikin ciro hanjin wata rediyo, da rana tsaka, wayarta ta yi ƙara. Ta ajiye ƙarfen dalma, ta goge hannu a riga, ta duba.

"Ina tsakar gida. Yayanki ya jona wayarsa, matarsa ma ta jona tata bayansa. Akwati ko gezau. Aikinki ya yi kyau. Kin ci abinci?"

Ta karanta sau biyu. Mai Agogo ya leƙo ya ga tana dariya idonta jike.

"Lafiya, Injiniya?"

"Baba ne," ta ce. "Surutu yake mini."

Ta rubuta masa cewa ta ci, ko da yake ba ta ci ba. Kafin ta ɗauki ƙarfen dalma, wayar ta sake ƙara.

"Ƙarya kike. Tashi ki ci."

Ta kashe fitilar, ta cire ƙarfen daga wuta, ta ce wa Mai Agogo ya duba mata shago, yanzu za ta dawo.